Lissafin Bappa Hammayo

Bayan isha'i Bappa Hammayo ya zube mini takardu a tabarma.
Ya ce, "Ke da kika karanta kuɗi, duba mini.
Injin casar shinkafa ne, sabo dal,
miliyan arba'in da biyu har da kuɗin mota.
Riba kuwa, kin ga ruwan dam ɗin Dadin Kowa? To haka."

Na jawo fitila, na ja layi biyar, shekara biyar.
Na ƙara guda a gabansu, na sa masa sifili,
gidan da kuɗi ke fita ba sallama.

Ya ce, "Sa miliyan ukun da na ba mai bincike bara."
Na ce, Bappa, wannan ruwan ƙasa ta shanye.
Ka saya, ka fasa, ba ya komawa tulu.
Ba shi da wurin zama a nan.
Ya yi tsaki, ya tura hula ƙeya.

Ya ce, "Rumfa dai tawa ce, kyauta."
Na ce, wadda 'yan tumatir ke haya?
Ranar da inji ya shiga, ranar za su kwashe kwanduna,
dubu ɗari takwas ta bi bayansu duk shekara.
Na rubuta da jan biro.

Inji ba ya cin iska.
Buhu ɗari shida na shanshera zai kwana a sito
kafin ya yi tarin farko,
ga dillalan Gombe masu cewa "sai Juma'a",
Juma'ar da ba a faɗi watanta ba.
Kuɗinka ne, amma a aljihun wasu yake barci,
sai layi na biyar zai farka ya dawo gida.

Matan Hinna da ke kai wa tsohon injinka,
rabinsu nan za su juyo.
Abin da ya bar aljihun dama ya faɗa na hagu
ba baƙo ba ne, ba na yi masa shimfiɗa.

Tsufan ƙarfe kuma ana rubuta shi,
amma ba wanda ya taɓa ƙirga shi da yawu a yatsa.
Na cire shi don mai haraji ya sassauta,
da ya juya baya na mayar da shi mazauninsa.
Can ƙarshe na sa abin da 'yan gwangwan za su taya,
in ƙarfen ya gaji.

Sai na rage wa kowace shekara tsawo.
Dubun bana ba dubun baɗi ba ce.
Kamar mai tafiya a hanyar Biu,
yana nisa yana ƙanƙancewa,
ta biyar da ƙyar na gane rigarta.

Na tara, na sake tarawa.
Giɓin miliyan ɗaya da dubu ɗari uku.
Na juya masa littafin ban ce komai ba.

Sauro ya yi ta kuka tsakaninmu.
Ya bi layukan da farce, bakinsa na motsi,
sannan ya ɗago: "Ina dusa?"

Na ce, wace dusa?

"Masu kiwon turka na Deba,
da kuɗi a hannu suke zuwa tun asuba.
Ƙaiƙayin ma masu kaji na rububi.
Boko bai gaya miki shinkafa na da riga biyu ba?"

Kunya ta kama ni har wuya.
Na buɗe sabon layi, ya faɗa, ina rubutawa.
Jan biro ya koma gefe.
Abin ya haura sifili, ba da yawa ba,
kamar yaron da ya leƙo ta kan katanga.

Bai yi murmushi ba.
Ya linke takardar ya cusa a aljihun gaba,
ya laluba takalminsa a duhu, ya ce,
"Gobe ki sake shi, ki ɗauka man dizal ya ninka.
In ya tsaya da ƙafarsa, sai mu kira mai mota."