Shawara

Gurbi ɗaya ne a fom ɗin,
ɗan mitsitsi, kamar ƙwayar magani.
Mai shagon kwamfuta na kaɗa ƙafa,
janareta na shan mansa a Agege.
Ya ce, "Ladidi, fetur ba ya jira. Me zan rubuta?"

Babana ya riga ya cike nasa tun ina goye.
In ya dawo daga mayanka, hannu duk ƙarni,
sai ya ce, "Likita, miƙo mini buta."
Ni kuwa baki huɗu Legas ta ba ni:
Hausa a tabarmar Inna,
Yarbanci a bakin famfo, wurin rigimar layi,
buroka a danfo in kwandasta ya riƙe canji,
Faransanci a shagon Maman Sidoni,
telar Kwatano mai biyana da kalma ɗaya
duk zaren da na zura mata a allura.

Malamin kimiyya ya ce harshe tsoka ce,
ya zana ta a allo, ya lissafo jijiyoyinta.
Malamar adabi ta ce in koma in tambaye shi
wace jijiya ce ke ɗaukar habaici.

Bara da damina na raka gwaggona Idi-Araba.
Mun kama layi tun asuba, benci a jiƙe.
Labule kaɗai ya raba mu da wani tsoho,
Baba Tanimu, mai albasa a Mil Sha Biyu,
da yaron shagonsa da ya zo masa tafinta.
Likita ta ce a tambaye shi
ko ya taɓa wani ciwo mai tsanani.
Baba ya ce, "Na yi shawara, har sau biyu."
Yaro ya juya da Turancinsa na kasuwa:
wai Baba ya nemi shawarar mutane sau biyu.
Likita ta gyaɗa kai, biro ya kama hanya.

Ban san lokacin da na yaye labulen ba.
Yarbanci ne ya riga kunyata fita.
Na ce ba shawarar zaure ba ce,
shawarar da ke mai da ido ruwan ɗorawa,
wadda ke kwana a hanta.
Biron ya tsaya.
Dokta Oyelaran ta soke layi biyu,
ta tura shi ɗibar jini,
ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Ajinki nawa?"
Baba bai san me aka yi ba.
Da zai wuce ya ba ni goro,
don na ɗauko masa hularsa da ta faɗi.

Tun ranar nake da littafi mai bangon shuɗi.
Sanyin da ba na ruwan sama ba.
Ranar da ke kama yaro ko a inuwa.
Ciki na murɗa, ciki na ƙugi, ciki ya ɗuri ruwa,
uku ne, kuma ɗaya ba ciwo ba ne.
Gefe guda sunayen ƙasusuwa da Latin,
suna harara, kamar baƙin da ba a gaisar ba.

"Ladidi!"
Na ce, "Rubuta likitanci."
Ya buga, injin ya tofo takarda da ɗumi.
Na ce, "A Akoka, daga ɗakin gwaji zuwa sashen harsuna,
tafiyar minti nawa ce?"
Ya ce shi ta tagar mota kawai ya san Akoka,
kuma kuɗinsa dubu ɗaya da ɗari biyar ne.

Na biya. Na ninke takardar gida huɗu,
na cusa ta cikin littafin shuɗin,
daidai shafin da na rubuta hanta
na bar gabanta fili,
don Maman Sidoni ba ta faɗa mini tata ba tukuna.
Ta ce sai na zo da yamma, akwai ɗinkin biki.