Taurari Biyu

Ƙarfe goma na safe ake nuna mana,
mu masu sharhi,
a ƙaramin ɗakin kallo da ke bayan wani shagon littattafai a Kalkata,
tun kafin a buɗe tagar tikiti.
Mu goma sha ɗaya, kowa da littafi a gwiwa,
muna rubutu cikin duhu
kamar masu ƙirga kuɗin da ba nasu ba.

Shekara talatin da huɗu ina wannan aiki.
Kaberi Sanyal, shafi na tara, ranar Juma'a,
ƙarƙashin sunana taurari biyar,
wasu cike da tawada, wasu wayam.
Na san mudun awona:
ko labari ya tsaya da ƙafafunsa,
ko kyamara ta san inda za ta ajiye ido,
ko jaruma kuka take yi
ko kuwa tallar kuka take mana.
Bikash na gefena kiɗa yake aunawa.
Madam Dutta haske kawai take dubawa,
in bai yi mata ba, fim ya mutu kafin a je hutu.

Edita ba ya karanta kalmomina ɗari shida.
"Nawa?" yake cewa a waya,
kamar mai taya kifi a kasuwar Gariahat.

Shekara goma sha tara ke nan
wani yaro, Arko Mondal, ɗan Bankura,
ya kawo fim ɗinsa na fari.
A ciki wata mata ta tsuguna gaban famfo
tana wanke tukunyar shinkafa,
minti huɗu cur, ba magana, ba kiɗa.
Sau uku na duba agogo.
Na rubuta: "Darakta ya manta almakashinsa a gida."
Aka yi ta maimaita maganar a shagunan shayi,
ni ma har na ji daɗin kaina.
Taurari biyu.
Kwana shida ya yi a sinima aka sauke shi.
An ce yaron yana Asansol yanzu,
yana ɗaukar bidiyon biki.

Daminar bara ta tafi da Nirmal.
Takalminsa na nan bakin ƙofa,
ban san wa zan ba ba.

Daren jiya barci ya ƙi zuwa,
wata tasha ta sako fim ɗin
tsakanin tallar man gashi da ta siminti.
Ƙyuya ce ta hana ni kashewa.
Ga matar, ga famfon, ga tukunyar.
Ta gama, ta miƙe, ta sauko da faranti biyu,
ta tsaya,
ta mayar da ɗaya.

Ban taɓa ganin farantin nan ba.
Ranar da ya wuce a majigi
kaina na sunkuye, ina gyara barkwancina.

Minti huɗu?
Ni da nake kai rabin awa a gaban nawa famfon,
ruwa na zuba, tukunya ta daɗe da fita.
Ashe taƙaitawa ya yi, don ya tausaya mana.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
ni kuwa na zo da mudu, rufina bai taɓa jiƙa ba.

Da safe na kira edita,
na ce ina bin kaina bashin taurari.
Ya yi dariya:
"Jarida na gyara suna, tana gyara kwanan wata,
taurari kuwa, Didi, in sun fita sun fita."

Na rubuta wasiƙa, ba ni da adireshi.
Tana cikin jaka, kusa da laima.
Yau akwai nuni ƙarfe goma,
fim ɗin wata yarinya, an ce awa uku ne, kuma yana jan ƙafa.
Na ciro agogo
na bar shi kusa da farantin.