Ƙugiya a Bango

A Wad Madani, bayan layin masu kayan miya,
akwai ɗaki mai fanka ɗaya da warin tawada.
Nan nake zama, ni Ɗahiru ɗan Mai Wurno,
ina ɗinka wa mujallu riga.
Cikinsu ba nawa ba ne. Nawa bango ne kawai,
taƙi ɗaya da rabi na takarda mai sheƙi,
da ƙiftawa uku ta idon mai wucewa.

Ustaz Mirgani ne ya koya mini sana'ar
yana kurɓar shayi mai na'ana'a:
"Ja na kira daga nesa, rawaya na riƙe mutum.
Suna a sama, don a teburin mai jarida
mujallu na hawa kan juna kamar fasinjan bas,
goshi kaɗai ke leƙowa.
In ka sa fuska, ta dubi mai saye ido cikin ido.
Kifi ba ya haɗiyar ƙugiya don ƙarfenta, yaro,
san abin da cikinsa ke so."

Na kuwa sani.
Na yi wa 'yan ƙwallo bango mai ihu,
baƙaƙe manya kamar za su faɗo.
Na yi wa amare mai launin lalle da sandal
har wasu na shinshina takardar a ɓoye.
Na likitoci fari fat, rubutu siriri,
kamar mai rage murya a bakin gadon majiyyaci.

Sai ga ta manoman Jazira.
Ustaz ya ajiye hoton tarakta sabuwa dal,
tayoyinta ba su taɓa gaisawa da laka ba.
Kwana biyu ina kallonta.
Wa zai ga kansa a nan?
Manomin da na sani, bashin iri ke tashinsa da asuba,
ba ƙarar inji ba.

Ran Juma'a na hau mota na je gida.
Gwaggo Kubura na bakin magudanar ruwa,
ta buɗe tafi tana nuna mini audugar bana,
fara sol a kan fata mai tsagu
kamar gona bayan an datse ruwa.
Na ɗauka. Ba fuska, ba murmushi.
Ta ce, "Hannu kuma? Ko wanke shi ban yi ba."

Ustaz ya yi shiru har shayinsa ya huce.
"Babu ido," in ji shi. "Babu ja."
Na ce akwai, ga zaren jini a gindin farce
inda ƙoƙon auduga ya soke ta.
Ya ce in ta yi kwantai, daga albashina.

Na laɓe a gefen mai jaridar bakin tasha.
Ɗalibai suka wuce, ko waiwaye.
Wani mai jaka ya ɗaga, ya mayar.
Rana ta take, inuwa ta shige ƙarƙashin tebur,
na fara lissafin fam nawa zan rasa.

Can ga wani dattijo, rabin buhun taki a kafaɗa.
Ya wuce, ya dawo da baya taku biyu.
Bai karanta sunan ba,
ban ma tabbata yana karatu ba.
Ya sauke buhun,
ya buɗe tafinsa kusa da na Gwaggo,
ya dubi wannan, ya dubi wancan,
kamar wanda ya ji harshensu a baƙon gari.
Ya ƙirga kuɗi, ya sake ƙirgawa,
ya naɗe ta, ya cusa cikin jallabiya.

Goma sha ɗaya aka sayar ranar. Ba yawa.
Ustaz ya yanke rabin abin da ya ce zai yanke.
Wata na gaba tarakta ce a bango, ja wur,
ni na gyara mata haske da hannuna.

Amma na kai wa Gwaggo tata.
Ta juya ta, ta sake juyawa,
ta ce da na faɗa mata tun farko
ai da ta sa zobe.