Ɓangaren Baba

Litinin da Alhamis,
kafin ladanin unguwarmu ya gama gyaran murya,
nake ɗaukar Baba daga Tudun Wada zuwa Shika wankin ƙoda.
Tsakiyar damina ce, ruwa ba ya ɗaukewa,
gilashi na gumi daga ciki.
In murɗa hita, ɗumi ya hau mini ƙafa,
in ce a raina: motar nan ta yi albarka.

Mako uku ina tuƙi da jin daɗina.
Baba a dama, ya ƙudundune cikin bargo,
carbi na rarrafe tsakanin yatsunsa.
Na ɗauka ciwon ne.
Sai ranar da katin asibiti ya faɗi gaban kujerarsa,
na sunkuya a Kwangila, muna jiran tirela ta wuce,
iska ta mari bayan hannuna
kamar an buɗe firjin mai sayar da ƙanƙara.

"Baba, tun yaushe?"
"Tun farko."
"Me ya hana ka faɗa?"
"Ai tuƙi kake yi."

Barau mai gyaran waya yana Muciya,
ƙarƙashin rumfar kwano mai yoyo wuri uku.
Bai yi gaggawar ɗaukar sifana ba.
Ya bar inji ya huce, ya buɗe lagireto:
ruwa cike, ba tsatsa.
Ya tayar, ya jira allura ta hau tsakiya,
ya damƙi tiyo biyu masu shiga ƙirjin mota,
ya saki yana yarfe hannu.
"Duka da zafi. Wuta na zuwa gidan nan,
rabon ne ba a yi daidai ba."

Ya zauna a kujerar Baba da rigarsa mai baƙin mai,
ya ce wa yaronsa Ɗanlami ya kashe rediyo,
ya kara kunne a jikin dashbod.
"Murɗa zuwa ja. Koma shuɗi. Sake."
Ƙas. Ƙas. Ƙas-ƙas-ƙas.
'Yar ƙara ce da na sha ji
ina ɗora wa ramukan hanyar Samaru laifi.

Ya kwance aljihun gaba,
rasit ɗin magani da ƙwallon dabino suka zubo.
Ya kwanta rigingine, tocila a baki,
ƙafafunsa a waje ruwa na dukansu.
Sukurori uku ne; na ukun ya ɓuya, ya sha zagi.
Abin da ya zaro bai fi akwatin ashana biyu ba.
Ya ɓare shi a tafin hannu:
faya-fayan roba masu haƙora, ɗaya ya yi giɓi.

"Akwai 'yar ƙofa a ciki,
ta hagu daban, ta dama daban.
Wannan ke tura ta. Haƙori biyu suka karye,
ƙofar ta tsaya a sanyi, tana nan inda aka bar ta."
Ya zura yatsa ya tura ta da kansa,
ɗumi ya huro a fuskar Ɗanlami, ya yi dariya.

Yaro ya hau acaɓa zuwa Sabon Gari,
ya kawo na gwanjo, ashe na hagu ne,
ya koma, ya dawo jiƙe sharkaf bayan La'asar.
Dubu tara, har da kuɗin shayi.
Na riƙe tsohon a aljihu, ban san dalili ba.

Alhamis muka wuce Kwangila cikin yayyafi.
Ban ce komai ba, ina satar kallo.
Wajen ƙofar jami'a bargo ya sauka zuwa gwiwa.
Kafin Shika ya tura hula baya,
ya shafa wuya, ya dube ni:
"Kai, rage wutar nan.
Asibiti za ka kai ni ko gidan burodi?"