Lakar da Ruwa Ya Bari

Minti goma aka ce ya yi.
Ni dai shekara na gani,
cikin bas, kan gadar Kawo, ran Talata.
Kwandasta na miƙo min canji
ƙirjina ya kulle kamar shagon da ake bi bashi.
Na yi kalmar shahada sau uku.
Wata mata ta yayyafa min ruwan leda,
ta ce, "Bawan Allah, ko ba ka karya ba ne?"

Ban mutu ba.
Amma yau sati bakwai ke nan,
baƙon ya tafi, ya bar takalmansa a zaure.

Shekara goma sha tara ina taka keke a Kasuwar Barci,
ban taɓa neman kafar allura sau biyu ba.
Yanzu zare na rawa a yatsuna
kamar ya hango mai binsa.
Nafi'u, yaron shagona, yakan karɓa ya zura,
ya miƙo min yana kallon titi.
Allah ya yi wa yaron nan albarka,
bai taɓa tambaya ba.

Akwai ƙulli a maƙogwarona,
ba loma ba ce, ba kuka ba ne.
In na kora shi da shayi, kafin la'asar ya dawo.
Kafaɗar hagu na tsami,
kiyashi na yawo a tafin hannu.
Janareton maƙwabci in ya tashi
sai zuciyata ta ɗauka da ita ake,
ta kwasa a guje ba mayafi.

Dakta Shekari ta manna min wayoyi a ƙirji,
takarda ta fito da ƙananan tsaunuka a jere.
Ta ce, "Lafiyarta ƙalau, malam tela.
Maigadinka ne ya ga ɓarawo sau ɗaya,
yanzu ko akuya ta gifta sai ya busa usur."
Na yi dariya don kunya.
A raina na so ta ambaci ciwo mai suna,
irin wanda ake zuwa dubiya da ayaba da lemo.

Inna ta aiko rubutu daga Rigasa, na sha.
A majalisa an ce, "Gemu da tsoro?"
na sha wannan ma.
Barira ce kawai ba ta ce komai ba.
Ƙarfe biyun dare, in na zabura ina laluben bugun wuyana,
takan ɗora tafinta a bayana
ta bar shi nan, da nauyinsa,
har maigadin ya gaji ya zauna.

Na bar goro. Ya fi barin gari wuya.
Na koyi auna numfashi kamar yadi:
huɗu ciki,
shida waje,
a bar ɗan saura don kalmasa.
Wata rana ya zauna daidai.
Wata rana sai an farke an sake.

Bayan asuba nakan taka zuwa bakin kogi ta Kabala.
Ruwan da ya yi hauka a damina ya janye,
ya bar laka har gindin mangwaro,
da silifa ƙafa ɗaya, da warin danshi.
Wani dattijo na duƙe yana yafa irin alayyafo a ciki.
Na ce, "Baba, in ya dawo fa?"
Bai ɗago ba. Ya ce, "Ai yakan dawo."

Jiya na sake hawa bas ɗin Kawo.
Na zauna kusa da ƙofa, ba zan ɓoye ba,
gumi ya jiƙa wuyan rigata,
na ƙirga turakun gada har na ɓata lissafi.
Na sauka a ƙetare da ƙafafun aro.

Da safen nan zaren ya kuskure sau biyu.
Nafi'u ya miƙo hannu.
Na ce, "Dakata tukuna."