Yatsu Biyu

Ƙarfe uku na rana, duhu ya riga ya zauna a Tromsø.
Haka Disamba yake a nan, mun daina tambayarsa dalili.
Na buɗe ƙofar baya, na sunkuya,
na cire wa Tuva rigar sanyinta mai kauri,
na ja ɗamarar har ta kwanta a ƙirjinta,
sannan na yi awon da nake yi tun kaka:
yatsuna a kan gashinta,
tsakanin tsakar ka da bakin kujera.

Da can huɗu ke shiga.
Aka koma uku.
Yau ɗaya ya shiga da kyar, ɗan'uwansa ya tsaya a waje.

Mahaifiyata Borghild na gaba, da ƙunshin kifi a cinya.
Ta ce, "Dubi ƙafafun nan, Eivind,
ta naɗe su kamar ƙaguwa a tukunya.
Juya yarinya ta ga hanya mana.
Kai a cinyata ka je Narvik ka dawo,
ga ka nan, me ya ci ka?"

Na yi shiru. Ba a musu da wadda ta goye ka.
Amma maganar Oddny ta asibitin yara
tana nan maƙale a kunnena:
"Rabu da ƙafa, ƙafa takan samo wa kanta wuri.
Kai za ka duba, da abin da sikeli ya faɗa.
In kai ya kusa baki,
ko nauyi ya kai lambar da ke jikin kujerar,
to ta gama aikinta, a sallame ta.
Sai dai wadda za ta gaje ta, ita ma baya za ta kalla.
Kan yaro kabewa ce a kan ɗanyen kara.
Ranar da mota ta tsaya ba shiri,
gara ya samu abin jingina."

Ranar Asabar na durƙusa a gareji,
tocila a baki, takardar bayani a ƙasa,
harsuna goma sha ɗaya, babu wanda ya ce
ƙarfen zai cije ni a babban yatsa.
Sau uku ina kwancewa.
A na huɗu na girgiza ta, motar ce ta motsa.

Tsohuwar na ɗauko, hannuna ya tashi sama,
ya saba da nauyin da babu shi.
A cikinta: busasshen inabi biyu,
safa ɗaya da muka yi wata muna nema,
da ɗan kwarmin da ƙeyarta ta bari a soso.
A ciki muka kawo ta daga asibiti,
ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti,
motoci tara a bayana, babu wanda ya yi oda.

Sunniva ta ƙasan bene tana jiran Fabrairu.
Na wanke rigar kujerar, na kai mata,
na ce ba ta taɓa ganin hatsari ba.
Kwarmin dai bai fita ba.

Yanzu in mun hau gada
ni ina kallon abin da ke tafe,
ita tana ba ni rahoton abin da muka wuce:
bas, kare, bas, fitila.
Mukan haɗu a ƙaramin madubi, ido biyu da rabin hula.

Jiya Borghild ta ƙi zama a gaba,
wai hita na busar mata da ido.
Ta koma baya, kusa da ita, fuska da fuska.
Har muka isa gida ba ta ambaci ƙafafu ba.
Na dai ji tana cewa, "Ina karen? Nuna mini."