Taku Goma Sha Bakwai

Shekara tara ina gashin ƙashi a Barnawa,
a gida mai ɗaki huɗu da mangwaro a tsakar gida.
Kayan aikinmu ƙarafa biyu ne da aka walda a Panteka,
jakunkunan yashi, tawul mai zafi,
da hannuwana, da suka san gwiwar mutum
kamar yadda ɗan gari ya san lungun gidansu.

Sai na tsallaken titi suka yi sabon fenti,
suka kafa allo mai walƙiya da dare,
suka sauke wata na'ura daga bayan tirela,
wai ita ke riƙe mutum ta koya masa tafiya.
Kafin azumi benci ya yi mana yawa.
Hajiya Lantana ta tafi ba sallama,
tsohon sojan nan ya ce zai dawo, har yau.
Ban ga laifinsu ba.
Mai ciwo ba shi da amini sai sauƙi.

Dakta Shekarau ya kwana uku yana lissafi,
ya sayar da filinsa na Rigachikun,
ya ɗora bashin banki a kai.
Ranar da tamu ta iso
yaran layi suka ɗauka injin niƙa ne.
Ɗamara ce mai ɗaukar mutum kamar goyo,
da bel mai tafiya a ƙasa,
da ƙafafun ƙarfe masu rungume gwiwa,
da allo mai ƙirga taku, ba sani ba sabo.

Na ƙi ta, in faɗi gaskiya.
Gani nake an kawo magajiyata ina da rai.

Baba Dogara ne ya fara hawa.
Tsohon masaƙi, shekara ashirin a Kakuri
kafin injuna su yi shiru,
kafin ɓarinsa na hagu shi ma ya bi su.
Ya dube ta sama da ƙasa,
ya ce da bakin da ya karkace:
"Ni da inji mun san juna.
Ba ya ƙeta, sai dai ba ya lallashi."

Muka ɗaure shi. Na latsa.
Ƙafar da ta yi wata bakwai tana sharar ƙasa
ta ɗaga,
ta sauka,
ta sake ɗagawa.
Jikarsa Saratu ta toshe baki da gyale.
Takwas. Tara. Gumi ya jiƙa masa singileti.
A na sha ɗaya aka ɗauke wuta.

Kaduna ke nan.

Janareta na ta tari a bayan gida.
Na kwance ƙarafan, na bar ɗamara,
na durƙusa, na sa tafina a bayan gwiwarsa.
Na ce, Baba, bel ya tsaya, kai ba ka tsaya ba.
Ya yi shida. Ƙanana, kamar mai taka ƙaya.
Na ji tsokar tana farkawa a hannuna
kamar kifi a cikin ƙwarya.

Yanzu daga Zariya ake zuwa, daga Kafanchan,
ana tambayar masu adaidaita ina gidan na'ura.
An ƙaro benci biyu, an sa sola a rufi.
Hajiya Lantana ta dawo, da ledar dabino,
ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.
Na tsallake kuwa, an ce sun yi odar wata,
mai magana, mai nuna wa mutum lambu yana tafiya.
Dakta ya sake ɗauko takardar lissafi.

Ni dai na koyi maɓallanta kaf,
har ina goge mata ƙura da safe.
Amma in ka buɗe littafin ran nan
za ka ga allo ya ce sha ɗaya,
a gefe kuma, da jan biro,
rubutuna ne: sha bakwai.